Ina son digirin bincike a labarin ƙasa ɓangaren al'umma, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digiri na farko a fannin labarin ƙasa, na yi bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata sakandare a Gusau. Burina in yi digiri na biyu, in Allah ya yarda har na uku, a ɓangaren da ya shafi mutane, wato ƙaura da zaman birni da noma da kiwo. Amma abokan karatuna suna cewa in bar wannan in kama GIS, wato fasahar haɗa taswira da nazarin bayanan wurare a kwamfuta, wai nan aiki yake. Wace shawara za ka ba ni? Kuma a gida ya fi ko a waje?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya cika miki buri.

Bari in fara da maganar abokanki. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin yau duk wanda bai iya haɗa taswira a kwamfuta ba, an bar shi baya. Ki koyi QGIS, wata manhaja ta yin wannan aikin, kyauta ake saukar da ita, hotunan tauraron Landsat ma da suka faro tun 1972 kyauta ne. Sai dai GIS kayan aiki ne, ba ya haifar da tambaya. Ki dubi abin da ya faru a yankunan Maraɗi da Damagaram. Da masana suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, sai suka ga bishiyoyi, musamman gawo, sun dawo a gonakin da aka ƙiyasta sun kai hekta miliyan 5. Hoto ya nuna bishiya, amma bai faɗi dalili ba. Sai da aka zauna da manoma aka ji yadda suka daina tumɓuke kututture a lokacin sassabe, suna barin toho suna gyara shi, da yadda suka fara ganin bishiyar gona tasu ce, ba ta ma'aikatan gandun daji ba. Wannan zaman da manoma shi ne fannin da kike so, kuma ban ga dalilin da zai sa ki bar shi ba.

Abin da ya kamata ya fi damunki yanzu shi ne tambayar da za ki bincika. Yawancin ɗaliban da ke zuwa wurinmu maudu'i suke kawowa, irin su "tasirin sauyin yanayi ga noma a Arewa". Wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma a ƙarshe sai a raba takardar tambayoyi ɗari biyu ko uku, a fito da abin da kowa ya riga ya sani. Tambaya mai kyau tana da wuri, tana da mutane, tana da lokaci. Misali: iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka zuwa Gusau, a waɗanne unguwanni suke sauka, wa ke ba su masauki, kuma me ya faru da gonakin da suka baro? Wannan a ƙofar gidanki yake. Kuma a matsayinki na mace za ki shiga cikin gida ki ji ta bakin matan aure, inda ɗalibi namiji iyakarsa zaure. Kada ki raina wannan damar, domin binciken ƙaura da yawa muryar magidanta kaɗai ke cikinsa.

Ki karanta ayyukan marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, daga baya ya koma Jami'ar Bayero. A lokacin da ake ta cewa yawan jama'a ke kashe ƙasa, shi ya bi manoman kewayen Kano ya nuna yadda suke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta mutu ba, saboda takin da jakai ke ɗaukowa daga birni, da dabbobin gida, da bishiyoyin da ake bari a gona. Ya kuma shafe fiye da shekara 10 yana komawa ƙauyen Dagaceri da ke jihar Jigawa ta yau yana bin yadda mutane ke jure fari. A ɓangaren birane kuwa akwai marigayi Akin Mabogunje na Jami'ar Ibadan, wanda ya samu lambar Vautrin Lud a 2017, wadda ita ce mafi girma a fanninmu.

Batun gida ko waje, ni ina ganin ki yi digiri na biyu a gida. Zariya da Kano da Sakkwato duk suna da tsofaffin sassan labarin ƙasa, kuma galibi ana neman sakamako mai daraja ta biyu da takardar bautar ƙasa. A takarda shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne, amma ki shirya wa jinkiri. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata 8 ya ci. Idan kin zo digiri na uku sai ki nemi tallafin Commonwealth na Birtaniya ko DAAD na Jamus. Na TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi na Najeriya, na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, bai shafi malamin sakandare ba. A Ingila shekara 3 zuwa 4 ake yi, kusan duk bincike ne, a Amurka kuma yakan kai 5 ko 6 saboda ana fara da darussa.

Ko ina za ki, malamin da zai duba aikinki ya fi sunan jami'ar muhimmanci. Ki nemi abin da ya rubuta ki karanta, sannan ki tambayi tsofaffin ɗalibansa a keɓe: yana karanta babi ya mayar a kan lokaci? Ɗalibai nawa ne a hannunsa?

Ki kuma san cewa rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, saboda haka alkaluman unguwanni da yawa hasashe ne, sai kin tattara naki da ƙafarki. Ki bi ta wurin dagaci da mai unguwa kafin ki shiga ko'ina, ki nemi yardar duk wanda za ki yi hira da shi, ki ɓoye sunansa. Mutanen da suka gudo daga hari suna iya shiga haɗari saboda kalma ɗaya da kika rubuta. Ke ma kada ki shiga dajin da ba shi da tsaro saboda kundi.

Kafin ki sayi fom, ki rubuta shafi biyu da ke bayyana tambayarki, da wurin da za ki yi aikin, da waɗanda za ki tattauna da su, da kuɗin da zai ci. Ki kai wa malamai biyu ko uku na sashen da kike nema, ki ga wanda ya zauna ya karanta ya yi miki gyara.