Wai a China har inda ɗaki ya kalla yana nuna girman mai shi?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗan kasuwa ne ina sarin kaya a Guangzhou, wannan karon sai na ƙarasa Beijing na shiga tsohuwar fadar sarakunansu, mai yi mana jagora yana ta cewa wannan ƙofar ta sarki ce waccan ta fadawa, wai har ɗaki ma inda ya kalla yana nuna matsayin mai shi. Da gaske ne ko dai daɗin baki yake mana?
Mai karatu daga Kantin Kwari, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, ai bai yi maka ƙarya ba. Fadar nan an gama ta a 1420 zamanin sarki Yongle na daular Ming, kuma a kan layi ɗaya aka jera ta daga kudu zuwa arewa, sarki yana zaune ya fuskanci kudu, duk wanda ya zo gaisuwa dole ya kalli arewa. Babbar ƙofar kudu, Wumen, mashiginta biyar ne amma na tsakiya na sarki ne, sarauniya sau ɗaya take bi ranar da aka kawo ta amarya, sai mutum uku da suka fi kowa cin jarrabawar fada su ma sau ɗaya suke fita ta nan shikenan. In an zauna fadanci kuwa ma'aikatan mulki gabas suke tsayawa, hafsoshin yaƙi yamma.

Amma ni abin da ya fi burge ni tsoffin gidajen jama'a ne, siheyuan, ɗakuna a ɓangare huɗu tsakar gida a tsakiya. Ɗakin arewa mai kallon kudu na maigida ne da tsofaffi, na gabas babban ɗa, na yamma ƙaninsa don gabas ta fi yamma daraja a wurinsu, 'yan mata da ba su yi aure ba can ƙuryar baya, barori da baƙi kuma jerin ɗakunan kudu da ke kallon arewa. Kana shiga ƙofa katanga ce za ta tare maka ido kada ka hango cikin gida, kusan aikin da zaure ke yi mana.

Kuma fa ba camfi ne zalla ba, ai ka ɗanɗani sanyin Beijing, iskar hunturu daga arewa take kaɗowa rana kuma ta kudu take shigowa, toh ɗakin da ya ba arewa baya shi ne mai ɗumi, baran gidan da aka kai ɗakin kudu shi ke kwana da ɗari.