Ƙaninki da aka kai Amurka: ku kula da shekara bakwai ɗin nan

Hajiya, sannu da ɗawainiya. Kin ce an tsugunar da ƙaninki a Amurka daga sansanin 'yan gudun hijira, shan inna ta taɓa masa ƙafafu, kina tsoron ya zama ɗan zaman ɗaki.

Ya fara da neman tallafin SSI, wato kuɗin wata-wata da ofishin gwamnati na Social Security ke ba naƙasassu da tsofaffi marasa ƙarfi. Ya tafi da takardun likita da ya shigo da su, ya nemi tafinta, kyauta ne. Kada wani ɗan'uwa ya riƙa amsawa a madadinsa. Nan ake yawan kuskure: a tambaye shi ko yana iya wanka shi kaɗai, kunya ta sa ya ce "lafiya lau, Alhamdulillahi", su kuma su rubuta haka. Ya faɗi minti nawa yake iya tsayawa, wa ke ɗora shi kan keken guragu. In sun ƙi ba shi tallafin, yana da kwana 60 ya ɗaukaka ƙara.

Amma fa ɗan gudun hijira shekara 7 kawai yake cin SSI in bai zama ɗan ƙasa ba. Shekara ɗaya da sauka ya cike fom I-485 na zama dindindin, ya nemi zama ɗan ƙasa in ya cika shekara biyar. Kada ya dogara da fom N-648 da ke yafe jarrabawar Turanci ta neman zama ɗan ƙasa. Na wanda larurarsa ta hana shi koyo ne, keken guragu kaɗai ba hujja ba ne. Ya shiga aji tun yanzu.

Masu cewa in ya yi aiki tallafi zai yanke, ba su yi lissafi ba. A ce ya samu dala 500 a wata: a cire 85, saura 415, rabinta kawai za a rage masa. Ya dai riƙa kai rahoton albashi duk wata, kada ajiyarsa ta wuce dala 2,000, in ba haka ba su biyo shi bashi.

Kowace jiha na da ofishin Vocational Rehabilitation mai koyar da sana'a. Ya kuma nemi Center for Independent Living mafi kusa, wato cibiyar taimaka wa naƙasassu su tsaya da kansu, galibin masu tafiyar da ita naƙasassu ne, sun san wanda ke gyaran keke da yadda ake rajistar motar da ke zuwa ɗaukar mutum har ƙofar gida. Ita wannan motar tun jajibiri ake kiranta, shi zai riƙa bugawa da kansa.