Zanga-zangar George Floyd ta haifar da ɗa mai ido kuwa?

Malam, ka tambaya ko zanga-zangar Amurka bayan kisan George Floyd, wani baƙar fata, a Mayun 2020 ta sauya wani abu. Ta sauya, amma ba yadda aka so ba. Derek Chauvin, ɗan sandan da ya danne masa wuya da gwiwa sama da minti tara, an yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 22 da rabi. Birane da dama sun hana 'yan sanda shaƙe mutane. Ƙudurin gyaran aikin 'yan sanda kuwa ya maƙale a majalisar dattawa. Ka san rundunoninsu kusan 18,000 ne, kowacce cin gashin kanta take yi, don haka gyara sai gari-gari. Ko a Minneapolis, birnin da aka kashe Floyd ɗin, masu zaɓe sun ƙi amincewa a rushe rundunar a 2021.