Ina zan samo kayan bincike ba tare da na biya dala ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin tarihi, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Bincikena a kan masaƙun Kakuri ne da halin da ma'aikata suka shiga bayan durƙushewarsu. Duk maƙalar da na hango a intanet sai a ce in biya dala. Laburaren makarantarmu kuwa sau ɗaya na leƙa, na ga tsofaffin littattafai, ban sake komawa ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kin leƙa zaure ne kika juya, ba ki shiga cikin gida ba. Ki koma, amma wannan karon kada ki nufi kantoci. Ki nemi teburin ma'aikacin da ke amsa tambayoyin masu bincike, ki zauna ki faɗa masa taken aikinki da shekarun da kika iyakance. Aikinsa ke nan, kuma ɗalibai kaɗan ne ke amfana da shi.

Abu na farko da za ki tambaye shi shi ne rumbunan mujallun da jami'arku ta yi wa rajista, da yadda ake shiga. Maƙalar da ta nemi dala a wayarki, sau da yawa tana buɗewa kyauta a kwamfutocin laburare, domin makaranta ta riga ta biya. Ga mai tarihi, JSTOR, wato wani babban rumbun mujallu na intanet, ita ce uwa: a can za ki samu mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda ta fara fitowa a 1956. Ko babu rajistar makaranta, idan kika buɗe asusu na kanki za a bar ki ki karanta wasu maƙalu kyauta kowane wata. Akwai kuma AJOL, mai tara mujallun Afirka.

Sai sashen kundaye. A ganina nan ya fi cancanta ki kwana biyu. Ki ɗauki kundin duk wanda ya taɓa rubutu a kan masana'antun Kaduna, ki fara daga bayansa, wato jerin manazarta. Wahalar da ya sha wajen tono ta zama taswira a gare ki. Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗora kundaye da yawa a rumbunta na intanet mai suna Kubanni, daga ɗaki ma kina iya dubawa. Abin da ba ki samu a can ba, ki karɓi takardar gabatarwa daga laburarenku ki hau mota zuwa Samaru a Zariya, Laburaren Kashim Ibrahim na jami'ar.

Tsofaffin littattafan da kika raina fa, ga mai tarihi ai su ne jari. Ki duba lambar da ke gadon bayan littafi: a tsarin da yawancin jami'o'inmu ke bi, DT515 tarihin Nijeriya ne, HD kuwa masana'antu da ƙwadago.

Amma gaskiyar magana, cibiyar aikinki ba a intanet take ba, tana nan cikin garin da kike. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, saboda haka takardun gwamnatin wancan lokaci su ne hujjojinki na asali. Ki je ofishin adana takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, ki nemi littafin jerin fayiloli kafin komai. Daga nan ki zarce Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970. Ki tambayi tsofaffin fitowar New Nigerian, wadda aka fara bugawa a nan Kaduna a 1966, da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ki tafi da katin shaidarki da wasiƙa daga sashenku, ki kuma nemi izini kafin ki ɗauki hoton kowace takarda.

Duk fayil ɗin da kika buɗe, ki rubuta lambarsa da shekararsa nan take. Na sha ganin ɗalibi ana gobe kare kundi yana neman inda ya samo wata magana. Manhajar Zotero kyauta ce, tana riƙe miki wannan lissafi, kuma ma'aikacin nan na tebur zai iya nuna miki yadda ake amfani da ita a zama ɗaya.