Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan idin Shilo da 'yan matan da aka kwashe

Salama, 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun daren jiya. Kin ce kina jagorar nazari a Zumuntar Mata, kun kai Littafin Mahukunta sura 21, sai wata uwa ta tambaye ki ko Allah ne ya yarda a kwashe 'yan mata a wurin idin Shilo, kika rasa abin cewa. Na fi shekara 20 ina koyar da ajin manya a makarantar Lahadi, kuma na daɗe ina tsallake wannan sura kafin na samu ƙarfin halin buɗe ta. Na san nauyin da kika ji.

Kada ki fara daga sura 21, koma sura 19. Wani Balawe, wato mutumin kabilar Lawi, ya kwana a Gibeya ta kabilar Biliyaminu tare da ƙwarƙwararsa. 'Yan iskan gari suka kewaye gidan, shi da hannunsa ya tura musu ita waje, suka yi ta cin zarafinta har gari ya waye. Ya sassare gawarta gunduwa 12, ya aika wa kabilun Isra'ila. Amma ki duba abin da ya faɗa a taron Mizfa, sura 20 aya 5: ya ce shi suka so kashewa, bai ambaci cewa shi ya fitar da ita ba. Mutum 400,000 suka zare takobi a kan rabin labari, ba wanda ya nemi jin sauran. Biliyaminu kuma, da aka ce su miƙa masu laifin, suka ƙi, don 'yan gida ne. Aka shiga yaƙi, Isra'ila ta rasa mutum 22,000 ran farko, 18,000 rana ta biyu. A rana ta uku Biliyaminu ta rasa 25,100, aka bi garuruwanta da wuta, mata da yara da dabbobi ba a bar kowa ba. Maza 600 ne suka tsira a dutsen Rimmon, suka yi wata 4 a can.

A nan ne amsarki take. A sura 20 Allah ya yi magana sau uku, kowane lokaci bayan an tambaye shi. A sura 21 bai ce uffan ba. Ki sa matan su karanta da kansu, su nemi inda aka rubuta cewa Ubangiji ya ce, ba za su samu ba. Jama'a sun yi kuka a Betel suna tambayar me ya sa kabila guda za ta ɓace daga Isra'ila, alhali jinin yana hannunsu, ihu bayan hari. Duk abin da ya biyo baya shawarar taro ce da ta dattawa. Cikin fushi sun rantse a Mizfa ba mai ba Biliyaminu 'yarsa aure, sun kuma rantse duk garin da bai zo taron ba sai an hallaka shi. Da rantsuwa ta biyu suka so gyara ta farko: suka tura mutum 12,000 Yabesh-gileyad, garin da bai zo taron ba, aka karkashe garin, aka kawo budurwai 400 aka ba mazan Biliyaminu 600 da suka tsira. Saura 200. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai suka tuna da idin shekara-shekara a Shilo, inda alfarwa ta sujada take tun zamanin Joshuwa. Nassin bai faɗi sunan idin ba. Shari'ar Musa ta ba su manyan idodi uku, na Abinci Marar Yisti, na Makonni da na Bukkoki, kuma masu nazari da yawa suna ganin na Bukkoki ne, saboda rawa da gonakin inabi, lokacin da aka gama tattara amfani. Idin murna ne, wanda Maimaitawar Shari'a sura 16 ta ce a yi shi tare da 'ya'ya mata da bayi da baƙi da marayu da gwauraye. Wannan ranar dattawa suka zaɓa, suka ce wa sauran mazan Biliyaminu su laɓe cikin inabi, kowa ya fizgi ɗaya in 'yan matan Shilo sun fito rawa. In iyaye sun kawo ƙara, a ce musu ai ba ku kuka bayar ba, rantsuwa ba ta kama ku ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Littafin Firistoci sura 5 ya riga ya buɗe hanya ga wanda ya yi rantsuwar ganganci: ya furta laifinsa, ya kawo hadaya. Fitowa 21:16 kuma ta yanke hukuncin kisa ga mai satar mutum. Sun gwammace 'ya'yan mutane su biya da su ce mun yi kuskure. Irin wannan wayon ne Yesu ya tsawata wa Farisiyawa a kansa a Markus sura 7, kan zancen Korban, wato mutum ya ce ya keɓe abu ga Allah don kada ya taimaki iyayensa da shi, shi ne kuma ya ce a Matiyu sura 5 kada a rantse sam.

Ranar da na fara koyar da surar, ba a daɗe da yin rikici tsakanin mutanenmu da maƙwabta ba. Wani dattijo da aka kashe ƙanensa ya miƙe ya ce shi ma ya rantse a bakin kabari ba zai ƙara shan ruwa a gidan mutanen can ba, ga shi 'yarsa tana aure a cikinsu, shekara biyu bai ga jikokinsa ba. Muka buɗe Firistoci 5 tare, ya yi ta kuka. Na kuma nuna masa cewa Bulus, a Filibiyawa 3:5, ya ce shi daga kabilar Biliyaminu yake, wato kabilar da saura kaɗan a shafe.

Ki yi hattara da ajinki. A ƙasarmu akwai uwayen da aka kwashe musu 'ya'ya, mai yiwuwa wadda ta tambaye ki tana da nata ciwon. Ki bar ta ta yi magana, kada ki gaggauta rufe bakinta da aya. Ni abin da nake yi, in mun karanta aya ta ƙarshe, wadda ta ce ba sarki a Isra'ila, kowa yana yin abin da ya ga dama, sai in sa a ƙirga matan surorin nan uku: ɗaya, 400, 200, ba sunan ko guda, ba wadda aka ji muryarta. Mako mai zuwa sai mu buɗe 1 Sama'ila sura 1. Shilo ɗin nan ce, zuwan shekara-shekara ne kuma, amma wannan karon mace ce mai suna Hannatu take zuba kukanta, aka kuma amsa mata.