Ɗaga ƙarfe ba ya tsumbure yaro, sai dai a bi sannu

Assalamu alaikum Hajiya. Kin ce yaronki mai shekara 12 yana gasar iyo, mai horar da shi yana son ya fara atisayen ƙarfafa jiki a tudu, dangi kuma sun ce ƙarfe zai tsumbure shi. Kin kuma tambayi yadda za ki gane ko yana ci gaba.

Na daɗe ina koya wa yara iyo a nan Yamai, kuma iyaye da yawa sun zo min da wannan fargabar. Ki kwantar da hankalinki. Tsawon yaro yana fitowa ne daga guringuntsin da ke ƙarshen dogayen ƙasusuwa, atisaye daidai gwargwado ba ya hana shi aikinsa. Abin da ke ji wa yaro ciwo shi ne nauyin da ya fi ƙarfinsa, babu babba a kansa.

Ni kaina na yi wannan kuskuren. Wani yarona ɗan shekara 13, na ƙyale shi yana ɗaga irin ƙarfen nan na unguwa, mai siminti a gwangwani biyu, don na ga yana da zuciya. Kafaɗa ta kama shi, sai da ya yi wata biyu bai shiga ruwa ba. Har yau abin yana damuna. Kafaɗar mai iyo dama a gajiye take, tana juyawa sau dubbai a mako, ni kuma na ƙara mata kaya.

Yanzu ga yadda nake yi. Sau biyu ko uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani, minti 20 zuwa 30. Nauyin jikinsa ya ishe shi: tsugunawa da miƙewa, tura ƙasa da hannuwa, rataya a sandar ƙarfe ya ja jikinsa sama, dogarawa kan gwiwar hannu jiki a miƙe. Sai robar cikin tayar babur, a ɗaure ta a taga, ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari yana jan robar zuwa waje. Wannan ne ke ƙarfafa ƙananan tsokokin da ke riƙe kafaɗa. Sau 10 zuwa 15, zagaye biyu. Da zarar motsin ya fara karkacewa, a tsaya. Kada ki jira ganin ƙwanji, kafin balaga ƙarfin yana zuwa ne daga yadda jijiyoyi ke koyon sarrafa tsoka.

Batun gwaji kuwa, ki sayi littafi. Duk wata uku ki auna tsawonsa a bango, ba takalmi. Maza sun fi yin tsawo da sauri wajen shekara 13 zuwa 14, mata 11 zuwa 12. A wannan lokacin ƙashi yana riga tsoka tsawo, jiki ya ɗaure, saurinsa a ruwa ma yana iya raguwa. Nan ake rage nauyi, ba a yi masa faɗa. A auna tsallensa daga tsaye, shi ke nuna ƙarfin tashi a farkon gasa da tunkuɗar bangon wurin iyo. A ƙirga bugun hannunsa a iyon mita 50. Sannan a ɗauki lokacinsa a mita 400 da mita 200, a cire ƙaramin daga babban, a raba biyu. Idan ya yi minti 6 da daƙiƙa 20, da kuma minti 3, saurin da zai iya riƙewa shi ne minti 1 da daƙiƙa 40 a kowace mita 100.

A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a yi gwajin da sassafe, ya tafi da gorar ruwa, don mai iyo ma yana zufa. Idan kafaɗa ta yi ciwon da ya kwana, ya ga likita kafin ya koma. Allah ya raya mana shi.