Gidan 'yan biyar a talabijin: haka rayuwarsu take da gaske?

Tambaya: Ni uwar tagwaye ce, watansu tara. Ina kallon OutDaughtered, shirin nan na Amurka na iyalin da suka haifi 'yan biyar. Gidansu fes, uwar da kwalliyarta, ni kuwa biyu kacal sun hana ni ko wanka a kan lokaci. Abin da ake nunawa gaskiya ne, ko tsarawa ake yi?

Amsa: Maman 'yan biyu, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana su. Yaran na gaske ne, wahalar ma ta gaske ce. Danielle Busby ta haifi 'yan matan nan biyar a Houston, jihar Texas, ranar 8 ga Afrilu 2015, bakwaini a mako na 28, kuma sun daɗe a sashen jarirai kafin a sallame su. A 2016 tashar TLC ta fara nuna su.

To amma na yi shekaru a ɗakin tace shirye-shirye, na san yadda ake dafa wannan miyar. Kwanaki ake yi ana ɗauka, a fitar da abin da bai kai awa ɗaya ba. Kafin a kunna kyamara an kafa fitilu, an maƙala wa iyaye makirfo a wuyan riga, an kuma tsayar da inda za a kai yaran yau. Hirar da kike gani miji da mata suna zaune gefe da gefe suna ba da labari, daga baya ake ɗaukarta, mai tacewa ya yanka ya liƙa inda ta dace. Kukan ƙarfe ukun dare, wanki, amai a kafaɗa, yawancinsu a kwamfutar mai tacewa suke ƙarewa, domin mai kallo ba zai zauna musu ba. Idan kin koma kallo, ki ƙirga hannayen manya a gidan: mahaifiyar Danielle tana nan, yayyenta mata biyu suna nan, ga kuɗin da shirin ke kawowa. Don Allah kada ki auna kanki da wannan mudun. Ki nemi mai kama miki, ba gazawa ba ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran. Jariri ba ya sa hannu a yarjejeniya, amma ranar da aka koya masa zama a fo tana nan a intanet har ya girma. Shirin Jon & Kate Plus 8, na iyali mai tagwaye da 'yan shida, ya fara a 2007; a 2009 auren ya mutu a gaban kyamara, mutum sama da miliyan 10 suna kallo. Hukumar ƙwadago ta jihar Pennsylvania ta binciki yadda ake aiki da yaran, a 2012 jihar ta sabunta dokarta ta haɗa da irin waɗannan shirye-shirye.

Abin ma ya girmi talabijin. 'Yan biyar ɗin gidan Dionne, da aka haifa a Ontario ta Kanada a 1934, gwamnati ta karɓe su daga hannun iyayensu, aka gina musu wurin da jama'a ke leƙensu suna wasa, kusan mutum miliyan 3 suka je kallo. Sai a 1998, suna da shekara 63, gwamnatin Ontario ta ba da haƙuri ta biya ukun da suka rage dalar Kanada miliyan 4.